A Kira Mini Ɗan Aji Shida

Akwai wata magana da ta ɓace daga bakin mutane a unguwannin Haɗeja da ƙauyukan bakin kogi, ta kuma ɓace a hankali har ba wanda ya yi cigiyarta. A da, in takarda ta shigo gida, sai ka ji tsohuwa ta leƙo zaure tana cewa, “Kai yaro, maza kira mini ɗan aji shidan nan na gidan Malam.” Ba kowane ɗan makaranta take nema ba. Ɗan aji uku yana iya haɗa baƙi da wasali, amma ba a damƙa masa takardar da ta taso daga Ikko ko Fatakwal ko barikin soja. Wannan aikin na wanda ya kai ajin ƙarshe ne, kuma gari duka ya san haka.

Ina cikin waɗanda aka riƙa kira. Har yanzu ina tuna ambulan mai ratsin ja da shuɗi a gefe, da kan sarkin da aka buga wa hatimi, da laushin da takarda ke yi in ta kwana a aljihun direba, ko ta biyo jirgin ƙasa na layin Kano zuwa Nguru ta sauka a Malam Madori. Za a shimfiɗa maka tabarma a ƙofar ɗaki, a kori ƙananan yara, tsohuwa ta gyara zama ta ce, “Karanta a hankali, ɗan nan, kada ka tsallake ko kalma ɗaya.” In ka zo inda aka ambaci kuɗi ko rashin lafiya, sai ta ɗaga hannu ta ce ka maimaita. Bayan nan sai amsa. Ka ciro takarda daga tsakiyar littafinka, ka fara da abin da Malam ya koya muku: takarda ta fito daga hannun wance zuwa ga ɗanta wane, gaisuwa mai yawa da so da yarda da aminci. Daga nan ita ke da magana, kuma ba a jere take kawo ta ba. Ta faɗi inda ruwa ya tsaya bana, ta koma kan wanda ya rasu, ta tuno shinkafar da ruwa ya ci, ta yi faɗa a kan rashin aike, sannan ta ce kada ka rubuta faɗan da zafi. Kai ne za ka ɗauki wannan duka ka mayar da shi zance mai tsari. In ka gama ka karanta mata, in ta ce, “A'a, ni ban ce haka ba,” ka soke ka gyara. Ladanka ƙwai biyu ne, ko 'yar bandar kifi, ko “Allah Ya yi maka albarka,” tare da gargaɗin da ba a taɓa fasa yi: abin da ka karanta a ɗakin nan, a nan za ka bar shi.

Ba don garin ya rasa masu karatu ake kiranmu ba. Haɗeja gari ne na alarammomi da gwanaye, kuma tun kafin zuwan Bature ana aika takardu da ajami. Amma wanda ya tafi aikin soja ko na kamfani da boko yake rubutowa, takardar asibiti da ta haraji su ma da boko suke zuwa, saboda haka dole sai da ɗan boko.

Wannan kira jarrabawa ce, gari ne ke yi wa makaranta ita. In yaro ya shekara shida yana zuwa makaranta, aka miƙa masa takarda ya tsaya yana kame-kame, kafin la'asar labari ya kai majalisar dattawa, kafin Juma'a ya kai kunnen hedimasta. Malamin aji shida ya san da haka, shi ya sa yake matsa mana da shifta da insha'i da rubutun wasiƙa kamar babu wani darasi sai su. Mutuncinsa ne a hannunmu duk ranar da aka zaunar da ɗayanmu a kan tabarmar nan.

Wayar salula ta GSM ta shigo Najeriya a 2001, cikin 'yan shekaru ta kai ƙauyukan Guri da Kirikasamma. Yau tsohuwa tana jin muryar ɗanta da kunnenta, ta tura masa saƙon murya ta WhatsApp, ta yi faɗanta da zafin da ta ga dama, babu yaron maƙwabta a tsakani. Wannan alheri ne babba. Duk wanda ya taɓa karanta wa uwa labarin rasuwar ɗanta yana da shekara goma sha biyu ba zai yi fatan a koma baya ba. Sai dai wayar ta tafi da jarrabawar nan. Yanzu yaro yana iya gama aji shida, a yi walima, a ɗauki hoto, alhali ba a taɓa miƙa masa rubutu a gida an ce karanta mini ba. Rahoton da Bankin Duniya da UNICEF da UNESCO da wasu hukumomi suka fitar a 2022 ya ƙiyasta cewa a ƙasashen Afirka kudu da Sahara, kusan yara 9 cikin 10 masu shekara goma ba sa iya karanta gajeren labari su fahimce shi. Malaman ƙaramar sakandare ba sa mamakin wannan adadi, don su ke karɓar yaran, su ke kuma komawa da wasunsu kan haɗa baƙi.

Buƙatar karatun kuwa ba ta ragu ba, wuri ta sauya. Akwai saƙon banki, da rasidin mai POS, da takardar magani, da sanarwar ambaliya. Manomin shinkafa a Auyo da ke zuba maganin ciyawa a tankin feshi ya fi kakarsa buƙatar wanda zai karanta masa abin da ke jikin kwalba, don kuskuren murfi ɗaya yana ƙona gona, in kuma ya gangara ruwa ya kashe kifi.

Duk da haka ba na cikin masu cewa da can komai lafiya lau. Mu ne 'yan UPE, waɗanda aka kwasa a watan Satumba na 1976, lokacin da gwamnatin Janar Obasanjo ta buɗe ƙofar firamare kyauta ga kowa. Mun fi ƙarfin azuzuwan da ake da su. Wasunmu a gindin maina suka fara, da yawa daga malamanmu kuma horon gaggawa aka yi musu. Yayyenmu da suka yi aji bakwai, lokacin da firamare a Arewa shekara bakwai ce, kallon hadarin kaji suke mana. Su sun yi lissafin fam da sule da kwabo, kwabo 12 sule guda, sule 20 fam guda, suna haɗawa da ka kafin Malam ya ajiye alli. Mu naira da kwabo muka tarar, waɗanda suka shigo a 1973, kwabo 100 naira guda, sai suka ce an sauƙaƙa mana har an lalata mu. Abin da muke faɗa a kan yaran yau, kusan shi aka faɗa a kanmu, kuma cikin waɗanda aka raina ɗin aka samu likitoci da alƙalai da malaman jami'a. Ina tuna wannan duk lokacin da bakina ya ɗauko kushe.

Su 'yan aji bakwai ɗin ma, su nawa ne? A ƙauye guda sai ka samu ɗaya ko biyu, ɗan dagaci ko ɗan wanda bai da ƙarfin cewa a'a. In mai unguwa ya fito rubuta sunayen yara, akwai masu ɓoye nasu a rumbu, akwai masu tura su gabas karatun allo da daddare. Ƙarancinsu ne ya sa takardar gama firamare ta isa mutum ya samu aikin En'e, ko ya zama malamin awon gyaɗa, ko ya shiga ɗan sanda. Muna yabon ingancin wancan karatu, muna manta ɗimbin yaran da ba su taɓa jin ƙamshinsa ba.

Sai kuma mata. A aji ɗaya suna da yawa a cikinmu, kafin mu kai aji shida benci guda ya ishe su. Wadda ta fi mu duka lissafi a aji biyar aka cire ta. Ranar Litinin muka ga wurinta babu kowa, Malam ya kira sunanta sau ɗaya, wata ta ce an sa mata rana, ya ja layi ya wuce. Nakan tuna ta in na bi ta ƙofar makaranta da rana na ga 'yan mata cikin hijabi sun cika hanya, da yawansu su ke zuwa na ɗaya a ajinsu, wasu kuma suna ƙarasawa har Jami'ar Sule Lamido a Kafin Hausa ko Kwalejin Binyaminu Usman a nan Haɗeja. Wannan kaɗai ya isa ya hana ni kukan jiya. Haka kuma ban manta tsumagiya ba. Da ita aka cusa mana jadawalin sau, da ita aka hukunta wanda ya yi Hausa a aji, kuma na san yara masu kaifin kai da bulala ta kora daga makaranta ba su sake dawowa ba.

Kwanakin baya na zauna da littattafan wata jikar yayata da ke aji shida. Jakarta ta fi tamu nauyi nesa ba kusa ba. A lissafi akwai kaso cikin ɗari, da riba da faɗuwa, da kuɗin ruwa, da awon fili da na tanki, da saurin tafiya. A kimiyya akwai yadda jini ke zagaya jiki, da duniyoyin da ke kewaya rana, da maganaɗisu, da gurɓatar ruwa da iska, da canje-canjen da ke zuwa wa yaro da yarinya lokacin balaga. Ga darasin kwamfuta, ga na tsaro, ga na haƙƙin ɗan ƙasa, ga noma da tattalin gida, ga addini, har Faransanci yana cikin manhaja tun daga aji huɗu, ko da yake mai koyar da shi sai an tona. Tun da aka ƙaddamar da shirin UBE a Sakkwato a 1999, aka yi masa doka a 2004, firamare da ƙaramar sakandare suka zama tafiya ɗaya ta shekara tara. Manhajar da aka fara aiki da ita a 2008 ta zo da darussa kusan ashirin. Da aka ga sun yi yawa, aka sake bitarta a 2012 aka rage su zuwa goma, amma ta hanyar tura darussa uku ko huɗu ƙarƙashin suna ɗaya, kamar mai kayan da ya zuba ƙulli uku a buhu guda ya ce ya rage wa jaki nauyi.

Akwai abubuwa a jakar nan da na yi murna da ganinsu. Yarinya ta san abin da zai faru da jikinta kafin ya faru, ta san alaƙar ruwan da ya kwanta da sauro, ta san me ke kawo amai da gudawa bayan ambaliya. Da an koya wa 'yan ajinmu mata rabin wannan, da an rage musu tsoro da kunya masu yawa.

Inda hankalina ya tsaya shi ne yadda abin ke shiga. Komai da Turanci yake, an kwafe shi daga allo layi bayan layi da rubutu mai kyau. Na nuna mata wani shafi a kan gurɓatar ruwa, ta karanta shi ba gargada. Na ce, “To, me ake nufi?” Sai ta yi shiru tana kallon littafin. Na rufe shi na ce, “Gaya mini, me ke ɓata ruwan kogi?” Nan take bakinta ya buɗe. “Kaka, ai wannan na sani.” Ta kawo leda da robobi, ta kawo masu wanke babur a bakin ruwa, ta kawo ragowar maganin feshi da ake ɗauraye tanki a zubar, har da masu zuba guba don kifi ya taso. Ilimin yana kanta, shafin yana hannunta, ba a haɗa mata su ba. Tsarin ilimi na ƙasa ya daɗe yana cewa daga aji huɗu da Turanci za a koyar. A watan Nuwamba na 2022 gwamnatin tarayya ta amince a koyar da harshen uwa a duk shekaru shida na firamare, a Nuwamba na 2025 kuma ministan ilimi ya sanar da janye wannan, tun kafin abin ya kankama. Malamin aji shida a ƙauye, shi da ke da yara fiye da kujeru, ya daɗe da samo tasa hanyar: ya karanta da Turanci, ya yi bayani da Hausa, jarrabawa kuma ta zo da Turanci. A Birniwa da Guri akwai 'ya'yan Mangawa da Badawa da Fulani waɗanda Hausar ma a waje suka koye ta, Turanci ya zama harshe na uku a kansu.

Ra'ayina a nan ba ɓoyayye ba ne. Yaro ya fara iya karatu sosai da harshen da yake ji, a kuma koya masa Turanci da gaske a matsayin darasi, da malamin da ya iya shi. Mu da Ka Koyi Karatu da Ka Ƙara Karatu muka taka, kafin mu kai aji shida muna rububin Magana Jari Ce na Abubakar Imam da Iliya Ɗan Maiƙarfi, littafi guda yana zagaya aji har bangonsa ya cire. Daɗin labari ne ya ja mu, kuma wanda ya saba karatu don daɗi, in ya zo kan Turanci harshen kawai ya rage masa ya koya.

Zangon ƙarshe na aji shida yanzu kusan na jarrabawa ne kacokan. Ana tsayar da yara bayan an tashi, ana bitar tambayoyin shekarun baya, ana koya musu zaɓen amsa ɗaya cikin huɗu ko biyar. Masu buri suna hangen jarrabawar NECO ta shiga kwalejojin tarayya irin na Kazaure da Kiyawa, ko makarantar haziƙai ta jiha da ke Bamaina. Burin yana da kyau, sai dai ba a fafe gora ranar tafiya, kuma abin da aka rasa a aji biyu da uku ba ya samuwa a wata uku. A wasu makarantun kuɗi ma ajin kansa ya soma ɓacewa: daga aji biyar ake tsallakar da yaro zuwa sakandare, iyaye suna murna an rage shekara. Ni ina ganin asara ce. Aji shida ne shekarar da karatu ke zama a kai, shekarar da yaro ke zama babba a makaranta, a ba shi ƙararrawa ko makullin aji ko kula da layin ƙanana, ya ɗanɗana nauyin amana kafin ya je inda zai sake zama ƙarami.

Aikin hannu ma ya sauya kama. Muna zuwa da kabar goruba mu jiƙa ta, aji ya cika da ƙamshinta, maza na tufka igiya suna ɗaure tsintsiya, mata na saƙa faifai da mafici, wasu na gina tukunya da yumɓun bakin kogi. Ba duka ne abin yabo ba, don akwai lokacin da darasin noma ke ƙarewa a gonar da ba ta makaranta ba, kuma kowa ya san haka. Amma yatsunmu sun koyi wani abu. Yau a wurare da yawa yaro tsintsiya yake sayowa a kasuwa, ko garin sabulu, ko ya kawo kuɗi, a rubuta masa maki. Abin da ya koya a nan shi ne maki abin saye ne, kuma wannan darasi yana bin mutum har girma.

Abin da ya fi damuna a jakar nan shi ne abin da babu. Na duba littattafan duka ban ga Kogin Haɗeja ba. Yarinyar tana iya jera duniyoyin da ke kewaya rana, amma ba a taɓa zana mata yadda Kogin Kano da Kogin Challawa ke haɗuwa su zama kogin da ke wucewa ta bayan garinsu ba, ya bi ta Wudil da Ringim, ya iso yankin nan ya rarrabu, wani reshe ya nufi Kafin Hausa, wani ya bi Marma zuwa Nguru, sannan a wajajen Gashuwa ya haɗu da na Jama'are su zama Komadugu Yobe su nufi Tafkin Chadi. Tana haddace Hausa Bakwai, ta ambaci Biram a cikinsu, ba ta san Garun Gabas ake nufi ba, nan ƙasar Malam Madori. Tarihi ya shafe fiye da shekara goma ba ya cikin manhaja a matsayin darasi mai zaman kansa, sai a 'yan shekarun nan aka dawo da shi. Mu ma ba a littafi muka ji labarin Sarki Buhari da ya gagari Sakkwato ba, ko na Sarki Muhammadu Mai Shahada da ya tsaya ya yaƙi Turawa a cikin garin nan a watan Afrilu na 1906 har ya rasa ransa. Malaminmu ɗan gari ne, a bakin kakanninsa ya ji, yakan ajiye alli ya ba mu in rana ta yi zafi hankalinmu ya gudu.

Gaskiya ita ce makarantarmu ta da ma ba ta ɗauki sanin kogi a matsayin ilimi ba. Akwai yara a ajinmu da ke zuwa na ƙarshe a jarrabawa, amma a ruwa su ne malamai. Yaro ɗan shekara goma sha biyu zai kwanta a kan gora ya ratsa kogi da komarsa, ya san yadda ake riƙe ƙurungu ƙayarsa ba ta soke shi ba, ya bambanta tarwaɗa da karfasa da kawara tun daga yadda suke motsa ruwa, ya san gaiwa tana binne kanta a laka ta yi rani a can har ruwa ya dawo. Ya san in shamuwa ta iso damina ta kusa, ya san agwagin da ke cika Baturiya da hunturu baƙi ne daga nesa. Ya san ranar da za a bi sawun ruwa da irin wake in ya fara janyewa. Ba wanda ya taɓa ba shi maki a kan wannan, kuma da yawansu sun bar makaranta suna ganin su daƙiƙai ne.

A da can ana iya cewa ba komai, gida zai koyar da kogi, makaranta ta koyar da boko. Dattawa sun san ruwa domin ruwan yana bin sama: a yi malka, kogi ya cika ya malala fadama, kaka ta yi ya janye, rani ya yi ya ƙafe a wurare da yawa. Amma tun da aka gama madatsar Tiga a 1974, aka ƙara da ta Challawa a 1992, ruwan da ke isowa Haɗeja yana bin sama, yana kuma bin hannun mutanen da ke buɗe ƙofa da rufewa a nesa da mu. Madatsun sun kawo amfani. Kano na sha daga gare su, ana noman rani a Kadawa da Kura, mu ma a Auyo da kewaye ana samun shinkafa da alkama da kayan lambu a lokacin da kakanninmu ke tafiya cirani. Sun kuma kawo abin da dattawa ba su gada ba. Fadamar da ruwa ke malalewa ta ragu, ruwan da ya daina ƙafewa da rani kuma ya ba kachala wurin zama. Ta cika magudanai, ta tare yashi da laka, ta hana kwalekwale wucewa, ta sa ruwa ya kwanta a gonar da ba a so, ya ƙi zuwa inda ake jiransa, ta kuma zama maɓoyar jan baki mai cinye shinkafa da gero. Tsoho mai shekara tamanin zai gaya maka yadda ruwan yake a da, amma dalilin sauyawarsa sai wanda ya ga taswira, ya san mene ne madatsa, ya san akwai Hukumar Kogunan Haɗeja da Jama'are da aka kafa a 1976, ya kuma iya rubuta mata takarda. Nan ne ya kamata ɗan aji shida ya shigo, da sanin gida a hannu ɗaya da na makaranta a ɗayan.

Ba sai an ƙara wani sabon darasi ba, jakar ta riga ta yi nauyi. Darussan da ake da su ne za a ɗora a kan ƙasar da yaran ke takawa. Kaso cikin ɗari yana nan a buhun shanshera: in an sheme an casa, mudu nawa ke fita? Riba da faɗuwa suna nan a kuɗin man injin ban ruwa da taki da ladan masu girbi. Kuɗin ruwa yana nan a bashin da manomi ke ci da damina ya biya da buhu in kaka ta yi, kuma yaron da ya lissafa wa ubansa wannan ya gane me ake karɓa a hannunsa ya yi karatu mai amfani. Insha'i yana nan a bakin tsohon masunci, in an tura yara su tambaye shi sunayen kifayen da suka yi ƙaranci su rubuto. Na san malamai masu yin irin wannan da ƙashin kansu, ba da umarnin kowa ba, kuma ajinsu ba ya ɓuya, don yaran da ke zaune a baya su ne ke fara ɗaga hannu.

Kogin da ba ya cikin littafi kuwa yana shigowa aji da kansa. Shekarar karatu tana farawa a watan Satumba, daidai lokacin da ruwa ke kai ƙarshen cikarsa. A 2020 da 2022 mun ga yadda matasan Haɗeja suka kwana suna cika buhuna da ƙasa suna tare jinga don kada ruwa ya shigo gari, ƙauyuka da yawa a Auyo da Kafin Hausa da Kirikasamma da Guri kuwa ruwa ya ci su. Wasu makarantun ya shige su, waɗanda suka tsira suka zama masaukin waɗanda suka rasa muhalli. Ba wanda zai ce a kori mai goyo daga aji don a yi darasi, kuma daidai ne a buɗe musu. Amma makonnin da suka tafi daga zangon farko na aji shida ba a biyan su. Ranar jarrabawa ba ta matsawa, tambayoyin da za a yi wa ɗan Guri su ne za a yi wa ɗan Dutse da ruwa bai taɓa ajinsa ba, kuma cikin yaran da suka watse tare da iyayensu akwai waɗanda ba sa komawa.

Wannan ba abu ne da ya fi ƙarfin gyara ba. Ƙasar nan ta taɓa fara shekarar karatu a watan Janairu. Tun 1989 kuma akwai hukumar ilimin makiyaya, wadda aka gina a kan yarda cewa lokacin karatu yana iya bin yanayin rayuwar mutane, daga baya aka shigar da 'ya'yan masunta cikin aikinta. Ambaliya a fadamar Haɗeja ba baƙuwa ba ce, an san watanninta, an san garuruwan da take fara taɓawa. Hukumar ilimin bai ɗaya ta jiha da sakatarorin ilimi na ƙananan hukumomi takwas na masarautar suna iya zama da hedimastoci da dagatai tun kafin damina, su ware makarantun da ruwa ke tsayarwa, su tsara musu yadda za a rama makonnin daga hutun Disamba da na Afrilu, a kuma fara da aji shida, tunda su ne ba su da wata shekarar a gaba da za su cike gurbin.